Tunawa da Baraka Ummu Aiman, Matar da ta Riƙe Maraya

Wanda ya ji hirar nan a rediyo, to ga ta a rubuce. Ya samu inuwa ya zauna, ya karanta a hankali. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna, ya nemi malaminsa ko abokin karatunsa su karanta tare.

Hirarmu ta yau a kan raino ce. Za mu tuna da wata mata da ta yi rayuwarta duka cikin rainon yara, da riƙon iyali, da bautar Allah. Sunanta Baraka. An fi saninta da Ummu Aiman, Allah ya ƙara mata yarda. Ita ce ta yi rainon Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kowa ya san sunan Nana Amina da ta haife shi. Kowa ya san sunan Halimatu Sa'adiyya da ta shayar da shi. Amma mutane da yawa ba su san Baraka ba, alhali ita ce ta fi daɗewa tare da shi.

WACE CE BARAKA?

Baraka baƙar mace ce. Asalinta ƙasar Habasha, nan cikin Afirka. Tun tana yarinya ta samu kanta a Makka cikin bauta, a gidan Abdullahi ɗan Abdulmuɗallabi.

Abdullahi ya auri Nana Amina. Ba a daɗe ba ya tafi fatauci ƙasar Sham. A kan hanyar komowa ciwo ya kama shi, ya rasu a Yasriba. Yasriba shi ne garin da ake kira Madina yanzu. Ya rasu ya bar Amina da ciki. Malaman tarihi sun ce gadon da ya bari bai da yawa: raƙuma 5, da garken ƙananan bisashe, da Baraka.

Wajen shekarar 570 ta Miladiyya aka haifi Annabi, maraya tun daga ciki. Uwarsa ta shayar da shi ƴan kwanaki. Wata baiwa mai suna Suwaiba ita ma ta shayar da shi. Daga nan Halimatu ta ɗauke shi zuwa daji, wurin danginta makiyaya. Haka mutanen Makka ke yi a zamanin, don yaro ya sha iska mai kyau, ya koyi Larabci tsantsa. Da ya yi ƴan shekaru a can, aka mai da shi wurin uwarsa. Baraka tana nan gidan, tana jira.

TAFIYAR DA AMINA BA TA KOMO BA

Da yaron ya kai shekara 6, Amina ta yi niyyar zuwa Yasriba. Can kabarin mijinta yake, can kuma akwai dangin kakan yaron. Ta tafi da ɗanta, ta tafi da Baraka. Tsakanin Makka da Madina ya kai kusan kilomita 450. Kwatankwacin tafiya ce daga Damagaram zuwa Agadas, bisa raƙumi, cikin rana da ƙishirwa.

Suka yi wajen wata guda a can. A kan hanyar komowa Amina ta kwanta ciwo. Ta rasu a wani wuri da ake kira Abwa'u, tsakanin garuruwan biyu. Nan aka yi mata sutura.

Jama'a, ku tsaya ku yi tunani a nan. Ga yaro ɗan shekara 6 tsakiyar hanya. Ba uwa, ba uba. Gida yana nesa. Wadda ke gefensa yarinya ce, baiwa, baƙuwa, wadda ita ma an raba ta da nata iyaye. Ba ta haɗa jini da shi ba. To, ita ce ta share masa hawaye. Ita ce ta aza shi bisa raƙumi. Ita ce ta kawo shi Makka lafiya, ta danƙa shi hannun kakansa Abdulmuɗallabi.

GIDAN KAKA DA GIDAN BAFFA

Kakan ya karɓi jikansa da ƙauna, amma raino ya bar shi hannun Baraka. An ruwaito wata rana tsohon ya iske yaron ya bi yara har gindin wata magarya. Ya kira Baraka, ya ja mata kunne kada ta ƙara yin sakaci da ɗansa. Kun ga ko a wancan zamani, babba yana sa ido ga mai raino, yana tuna mata nauyin da ke kanta.

Bayan shekara 2 kakan shi ma ya rasu. Baraka ce ta ba da labarin ranar. Ta ce ta ga yaron yana bin makara yana kuka. Lokacin yana da shekara 8. Sai baffansa Abu Ɗalibi ya ɗauke shi. Abu Ɗalibi mai iyali ne da yawa, ga ƙarancin abin hannu. Matarsa Fatsima ƴar Asadu ta riƙe yaron kamar ɗan cikinta. Baraka kuwa ta ci gaba da yi masa hidima har ya girma.

To, mu ƙirga tare. Kafin ya wuce shekara 8, yaron nan ya rasa uba, ya rasa uwa, ya rasa kaka. Ya zauna gidan uwarsa, ya zauna wurin Halimatu, ya zauna gidan kaka, ya zauna gidan baffa. Gidaje suna sakewa. Amma tun ranar da ya komo daga daji, akwai fuska guda da ba ta sake ba. Duk gidan da ya farka da safe, yana ganin Baraka. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

ƳANCI, AURE DA IMANI

Da Annabi ya auri Nana Hadiza, yana ɗan shekara 25, sai ya ƴanta Baraka. Ta auri wani mutumin Yasriba mai suna Ubaidu. Ta haifa masa ɗa namiji, aka sa masa Aiman. Daga nan aka riƙa kiranta Ummu Aiman, ma'ana uwar Aiman. Mu nan mace takan ji kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa. Larabawa kuwa da sunan ɗan suke kiran uwa, don girmamawa.

Ubaidu ya rasu, ta zauna da ɗanta. Da annabci ya zo, tana cikin mutanen farko da suka ba da gaskiya. Ba ta yi gardama ba, don ta san shi tun yana ƙarami, ta san halinsa ciki da waje. Daga baya ta auri Zaidu ɗan Harisa, wanda shi ma ƴantacce ne na gidan Annabi. Ta haifa masa Usamatu.

A shekarar 622 aka yi hijira daga Makka zuwa Madina. An ruwaito Ummu Aiman da ƙafa ta yi tafiyar, ba guzuri mai yawa. Hanyar da ta bi da maraya a dā, ita ta sake bi don addininta.

A yaƙin Uhudu, shekarar 625, tana cikin matan da ke kai ruwa, suna jinyar waɗanda suka ji rauni. An ce da ta ga wasu mazaje sun juyo da gudu, sai ta tare su tana watsa musu ƙasa. Ta ce su karɓi mazari su je su yi kaɗi, su ba ta takobi.

Jarrabawa ba ta ƙyale ta ba. A shekarar 629 aka kashe mijinta Zaidu a yaƙin Mu'uta. A shekarar 630 aka kashe ɗanta Aiman a yaƙin Hunaini, yana cikin waɗanda suka tsaya tare da Annabi ba su gudu ba. Cikin shekara guda ta Hijira ta rasa miji, ta rasa ɗan fari. Ta yi haƙuri.

YADDA ANNABI YA RIƘE TA

Annabi bai manta da rainon da aka yi masa ba. Yakan kira ta uwa. Yakan taka har gidanta ya gaishe ta. Ita ma ba ta daina ganinsa a matsayin ɗan da ta raina ba.

Ga labari guda. Wata rana ya je gidanta, ta kawo masa abin sha, bai sha ba. Sai ta hau shi da faɗa, kamar yadda uwa ke yi wa ɗa in ya ƙi abincinta. Shugaban jama'a ne, amma ya tsaya ya sha faɗan.

Ga wani kuma. Da Musulmi suka zo Madina ba su da komi. Mutanen Madina suka ba su aron itatuwan dabino. Wata mata, Ummu Sulaim, ta ba Annabi wasu itatuwa, shi kuma ya ba Ummu Aiman. Da wadata ta zo, aka ce kowa ya mai da na aro. Ɗan matar, Anas, ya zo karɓa. Ummu Aiman ta sa mayafi ta riƙe wuyansa, ta rantse ba za ta bayar ba, tun da Annabi ne ya ba ta. Annabi bai yi fushi ba. Ya yi ta lallashinta yana ƙara mata wasu a madadinsu, har ya ba ta kusan ninki 10. Labarin yana cikin littattafan Buhari da Muslim.

Ɗanta Usamatu kuwa a gaban Annabi ya tashi. Yakan aza shi bisa cinya guda, ya aza jikansa Hasan bisa ɗayar, ya rungume su tare, ya yi musu addu'a. Ɗan ƴantacciyar baiwa da jikan gida, cinya ɗaya bisa ɗaya. A shekarar 632 ya naɗa Usamatu shugaban runduna, yana saurayi, alhali akwai manyan sahabbai a cikinta. Ta raini Annabi, Annabi ya raini ɗanta. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A wannan shekara ta 632 Annabi ya yi wafati. Sayyadina Abubakar ya ce wa Sayyadina Umaru su je su gaishe ta, kamar yadda Annabi ya saba. Da suka je ta fashe da kuka. Suka tuna mata abin da ke wurin Allah ya fi masa alheri. Ta ce ta san haka. Abin da ya sa ta kuka shi ne wahayi ya yanke daga sama. Sai su ma suka kama kuka tare da ita.

ME YARO ƘARAMI YAKE BUKATA?

Yanzu mu komo gida. Mun ce akwai fuskar da ba ta sake ba. Likitocin yara na zamaninmu sun bincika, sun tarar wannan babban abu ne ga yaro.

Ƙwaƙwalwar mutum ta fi saurin girma a shekarun farko. Kafin yaro ya kai shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kusa kai girman ta babba. A lokacin nan yana bukatar abinci da magani, kowa ya san wannan. Yana kuma bukatar mutum guda tabbatacce, wanda in ya yi kuka zai zo, in ya yi gwaranci zai amsa masa, in ya tsorata zai goya shi. Yaron da ya samu wannan, hankalinsa yakan kwanta. Yakan ci abinci, ya yi wasa, ya koyi magana. Yaron da ake ta jefawa daga hannu zuwa hannu, yau nan gobe can, yakan yi shiru, ya ƙi abinci, ya rame. Wani lokaci sai a ce maita ce ko iska, alhali kewa ce da rashin kulawa.

Saboda haka ga abubuwa 4 da ya kamata kowane gida ya lura da su.

Na farko, nono. A sa jinjiri ga nono cikin awa guda bayan haihuwa. Kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafin farko. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya bukata. Daga nan a fara ba shi kunu mai kauri da aka sa wa gujiya ko wake, da ƙwai ko kifi in an samu, da ganye irin su zogale. A ci gaba da nono har shekara 2. Alƙur'ani ma, cikin Suratul Baƙara, shekara 2 cikakku ya ambata ga mai son cika shayarwa.

Na biyu, yaye. Wasu sukan yaye yaro rana ɗaya. A shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi wani gari wurin wadda bai saba da ita ba. Ke nan ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa gida, duk rana guda. Nan ne tamowa ke samun ƙofa. A yi yaye a hankali. A rage nono kaɗan-kaɗan, a ƙara abinci. In wurin kaka za a kai shi, a bari ya saba da ita tukuna.

Na uku, maraya. In uwa ta rasu ta bar jinjiri, dangi su zauna su zaɓi mace guda da za ta riƙe shi riƙon gaske. In akwai mai shayarwa cikin dangi, a fara kai ta likita a duba lafiyarta, sannan ta ba shi nono. A kuma rubuta sunanta da na ƴaƴanta a ajiye. A mazhabar Malikiyya, ko tsotso guda ne ya shiga cikin yaro a cikin shekara 2 na farko, ya zama ɗan'uwan ƴaƴanta, aure ya haramta tsakaninsu. Ga amfanin iya rubutu: abin da aka rubuta ba ya ɓacewa ko tsofaffi sun shuɗe.

Na huɗu, rigakafi. A kai yaro likita ranar haihuwa ko kusa da ita, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da duk ranar da aka rubuta masa a komo. Duk wanda ya karɓi riƙon yaro, ya karɓa har da takardar awonsa. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke shawarar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati. Maraya ma yana ciki.

IN AURE YA MUTU FA?

Akwai yaran da iyayensu na raye, amma suna zaman marayu. Aure ya mutu, zuciya ta ɓaci, sai uba ya karɓe yaro ƙarami don ya baƙanta wa uwa rai. Wa aka cuta? Yaron aka cuta.

Malamanmu sun san abin da littafin Risala ya ce a kan wannan. Bayan saki, uwa ce ke da haƙƙin riƙo. Namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙo ya koma ga kaka, uwar uwa. Bayan ta sai ƴar'uwar uwa. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna kan uba. Ku duba da kyau: duka hannaye ne da yaro ya riga ya sani. In gardama ta taso, a je wurin malami ko alƙali, kada a yi ta jan yaro kamar igiyar guga.

MASU RAINO NA GIDAJENMU

Kusan kowane gida akwai Barakarsa. Wata kaka ce. Wata kishiyar uwa ce da ta riƙe ɗan marigayiya. Wata yarinya ce da aka ɗauko daga ƙauye, ta yini da goyo a baya. Wata ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini yara 5 ko 6. Ranar suna ba a kiran sunansu. Ranar aure sau da yawa a manta da su.

Ƴar raino ita ma yarinya ce. Tana bukatar ci, da barci, da wasa, da makaranta. Kada a bar jinjiri hannun ƴar shekara 6 kusa da wuta ko bakin rijiya. Kada rainon ɗan wani ya hana ta nata karatu.

Kada kuma a raina mutum don asalinsa. Bauta laifi ce a dokar ƙasarmu, dokar shekarar 2003 ta tanadi hukunci mai tsanani a kanta. Amma gorin asali bai ƙare a bakin wasu ba. Duk mai yin sa ya tuna matar da Annabi ke kira uwa baƙa ce, ƴantacciyar baiwa ce, kuma Abubakar da Umaru da ƙafarsu suka je gaishe ta.

Kai da ke karanta takardar nan, wa ya goya ka? Ke da ke saurare, wa ya tauna miki abinci kina ƙarama? In tana raye, a je a gaishe ta cikin makon nan, da ɗan goro ko sabulu. In ta rigaye mu, a yi mata addu'a, a duba ƴaƴanta.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A MAKARANTA

1. Daga wace ƙasa Baraka ta fito?
2. Me ya faru a Abwa'u, kuma me Baraka ta yi?
3. Me ya sa yaye na rana ɗaya yake da haɗari?
4. In aure ya mutu, wa ya fi cancanta da riƙon yaro ƙarami?
5. A garinku, yaya ake zaɓen mai riƙon maraya? Me ya kamata a gyara?

Lissafi: an haifi Annabi wajen shekarar 570. Uwarsa ta rasu yana da shekara 6. Kakansa ya rasu yana da shekara 8. Ku fid da shekarun biyu.

Rubutu: kowa ya rubuta sunan matar da ta raine shi, da layi 3 a kan abin da ya tuna game da ita. A karanta wa juna a makaranta. Wanda ya so, ya ba malaminsa ya aiko mana.

Allah ya jiƙan iyayenmu da masu rainonmu. Allah ya raya mana yaranmu, ya shirye su. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.